Baba a Kan Gadar Ƙarfe

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya aiki, ya zaman daji? Tunda waya ba ta shiga a sansaninku na aikin titi, dole na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta. Direban motar simintinku zai kawo maka, ka ba shi amsa in zai juyo.

Jikin Baba da sauƙi, ni ce dai ba sauƙi. Ka san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mai gashin ƙashi ta ce ya riƙa motsa yatsu, ya kuma riƙa takawa kaɗan-kaɗan. To ni na jawo wa kaina. Na ciro tsohuwar kwamfutarka daga ƙarƙashin gado, na ɗora masa a tebur don ya riƙa sauraren karatu. Ban san yadda aka yi ya lalubo wasan nan naka ba, na sojan da aka bari shi kaɗai a wata tasha can a wata duniya, ba ka ganin komai nasa sai hannu da bakin bindiga. Auta, mutumin da ya sha zare maka wayar wuta daga bango saboda wasan nan, yau shi ne daga karin kumallo har la'asar yana harbin dodanni. Gidan ya koma kamar shagon walda.

Da na yi magana, sai ya ce lungunan tashar sun yi kama da benayen da ya yi shekaru yana zagawa yana karanta mitar wuta, har ma wai yana neman inda suka ɓoye tasu mitar. Yatsun kuwa, ba zan yi ƙarya ba, sun fara kama cokali.

Damuwata ita ce wata gadar ƙarfe. Ƙarƙashinta wani koren ruwa ne mai cin mutum, a ƙarshenta kuma ga wani ƙaton abu mai kai kamar buhun gawayi. Kullum nan yake mutuwa. Ya mutu, ya dawo, ya sake mutuwa, jijiyar wuyansa ta tashi, yana tsaki yana buga tebur. Ni kuma ina kicin ina tunanin hawan jininsa.

Ga wani abu da ban gaya maka ba. Makon jiya ya miƙe shi kaɗai zai shiga banɗaki, ya faɗi a bakin ƙofa. Ni na ɗaga shi, ni na ga idonsa. Tun ranar na ɗauke sandarsa da takalmansa na kulle a ɗakina. Ba zai sake takawa ba sai ina riƙe da shi, mai gashin ƙashi ta faɗi duk abin da za ta faɗa.

Ka rubuto mini yadda ake goge wasan nan, ko yadda zai wuce gadar kowa ya huta.

Taka,
Yayarka

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a ƙarƙashin tirela, na yi dariya har ogana ya leƙo yana tambaya ko rana ce ta taɓa ni. Baba da bindiga! Don Allah ki ce masa ina gaishe da soja.

Kada ki goge, Yaya, ki rufa mini asiri. Gadar nan ni ma ta wahalar da ni, hutun makaranta guda na yi a kanta, kina zagina ina hana ki barcin rana. Amma akwai dabara. Na rubuta miki wasu haruffa a bayan takardar nan. In kin raka shi alwala ya bar wasan a kunne, ki dawo ki buga su a jere, kada ki tsaya. Daga nan ba abin da zai sake taɓa shi, ko harsashi ko wuta ko koren ruwan. Zai haye gadar yana fito, jininsa ya sauka, ke ma ki samu ki yi girkinki. Kada dai ki gaya masa, kin san hali.

Maganar faɗuwar ta tsaya mini a rai. Sannu, Yaya. Ni ina nan ina shaƙar kwalta, ke kina can da komai a kanki. Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce har yanzu ina jiran hular da ya yi mini alkawari.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Gaisuwar a taƙaice, raina ba daɗi.

Na yi yadda ka ce. Da farko kamar abin arziki: ya haye gadar, ya kira ni yana murna, wai in zo in ga gawar mai kan gawayi. Ya ci abinci ya ƙara. Na ce a raina Allah Ya yi wa Auta albarka.

Washegari da hantsi sai na ji shiru. Ka san shirun da ya fi ƙara tayar da hankali? Na leƙa, na same shi ya sa sojan ya sauka cikin koren ruwan da gangan, ya saki madannan, ya naɗe hannu yana kallo. Jan layin nan na ƙasa da ke nuna sauran ran mutum ko motsi bai yi ba. Ya fito da shi, ya kai shi gaban dodanni, ya tsaya. Suna ta harbi, suna yakushi, shi ko gezau.

Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko ni na taɓa masa. Na fara kame-kame, ina cewa ai don lafiyarsa ne, ai kai ma ka yarda. Ya dube ni ya ce, “Har a nan ma?” Sai ya kashe kwamfutar, ya ce in taimaka masa ya kwanta.

Tun ranar bai sake kunna ta ba. Yana kwance fuska a bango. Ƙwallon robar da ake ba shi ya matsa yana ƙarƙashin gado, ko nema bai yi ba. Da mai gashin ƙashi ta zo, ya ce mata kada ta ƙara wahalar da kanta, ai gidan nan an riga an gama masa komai. Ta ja ni tsakar gida ta gaya mini gaskiya: in ya ci gaba da kwanciya haka, ƙafar za ta sandare, kuma ba lalle ya sake tashi ba.

Na kasa zama. In share falo, in dawo in sake share shi. In ɗauko sandar, in kai bakin ƙofarsa, in tuna ƙarar da kansa ya yi a siminti, in mayar. Ina jin haushinka, ina jin haushinsa, na fi jin haushin kaina. Da can ina roƙon Allah ƙarar bindigar nan ta tsaya, yau ga shi ta tsaya, ni kuma ina kasa kunne ko zan ji ta.

Kai da ka iya dabara, sai ka faɗi wata.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Yau ba wasa a bakina. Na roƙi hutu, oga ya ce sai mun gama zuba kwalbatin da muke kai, don haka ga takarda maimakon ni.

Gyaran wasan mai sauƙi ne: ki sake buga haruffan nan, komai zai koma yadda yake. Amma ki yi a gabansa, yana gani, ki kuma ce na ce ya yafe mini.

Ɗaya gyaran ba a hannuna yake ba. Ba ni na ɗaga shi daga ƙasa ba, don haka ba ni da bakin cewa kada ki ji tsoro. Sai dai ki tuna, mutumin nan da ƙafa ya ciyar da mu, gida-gida, bene-bene, karnuka na bin sa. Ina ganin ba dodannin ne suka kai shi wasan nan ba. Nan ne kaɗai ya rage masa inda yake tafiya ba mai riƙe masa hannu, ni kuma na je na riƙe.

Sandar tana ɗakinki, Yaya. Duk abin da kika yanke, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ni ne da hannuna, ka yi haƙuri da rubutun, layin yana gudu ya bar ni.

Yayarka ta gyara abin a gabana. Na ce ta mayar da ni bakin gadar, don hayewar farko ba tawa ba ce. Ta kawo sanda da takalma ta ajiye, ta fita.

Jiya na taka har ƙofar gida. A dawowa na faɗi wajen famfo, gwiwa ta ɗan kurje. Ina ganin ƙafafunta a ƙarƙashin labulen kicin, ina jin tana jan hanci, amma ba ta fito ba. Na daɗe a ƙasa. Na tashi da kaina. Allah Ya yi mata albarka.

Na yafe maka. Mai kan gawayi ya kashe ni yau da safe, ya sake kashe ni bayan azahar. Na san ka san ta inda ake bi masa. Kada ka gaya mini.

Babanka