Sabuwar Rediyo a Jif ɗin Baba

Gaya, Jihar Kano.

Zuwa ga Yayata Batula,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan kowa ƙalau. An gama yankan gero, dawa ma ta kusa. Inna ƙafar ta yi sauƙi, saura idon da muke kai ta gani a Kano.

Na ga Datti maƙwabcinmu zai biyo motar shanu zuwa wajenku, shi ne na ce bari in rubuta, don maganar ta fi ƙarfin waya. Yaya, mun cire rediyon jif ɗin marigayi Baba, kuma na fi so ki ji daga bakina.

Watan jiya na ɗauki Inna zuwa wajen likitan ido. Kano ta canza, gadoji ko'ina, wannan ta hau kan waccan. Na yi ta zagaye kamar baƙo, kafin mu isa likita ya tashi. Haka muka juyo gida ba a duba idon ba. Shi ne ƙaninmu Abba ya ce a sa rediyo irin ta zamani, mai allo kamar na waya, wadda ke nuna taswira tana faɗa wa direba inda zai bi.

Da farko Inna ta ƙi. Ta ce ko da rediyon ta daɗe da mutuwa, hannun Baba na jikinta. Ban ga laifinta ba. Kin tuna yadda yake ɗan dukan dashbod da tafin hannu kafin ta kama? Da eriyar nan da ya yi da wayar shanya? Muna baya ni da ke a tsakanin buhunan gyaɗa, an taso daga gonar Gafasa, rana na faɗuwa, kowa ya yi tsit saboda za a karanta labarai. In kuwa ya dace ya kamo tashar da ake shirin Kanuri, harshensa na gado, sai ya rage gudu, ya manta da mu gaba ɗaya, yana amsa wa mai magana kamar suna zaune a zaure ɗaya. Daga baya dai Inna ta yarda, da sharaɗin ba za a yar da tsohuwar ba, ba kuma za a sayar ba.

Da'u mai gyaran wutar mota ne ya zo har ƙofar gida ya yi aikin a gindin darbejiya. Inna ta shimfiɗa tabarma a soro tana kallo. Ya cire kan batir, ya kwance dashbod, sai ga ƙwallayen dabino da busasshen goro suna zubowa, ga wayoyin da Baba ya ɗaɗɗaure da leda da zare. Da'u ya yi dariya, ya ce Allah ya jiƙan Alhaji, shi ma ashe yana taɓa sana'ar. Sabuwar ta fi ramin faɗi, dole ya ɗan yanke robar gefe. Wallahi da na ji ƙarar zarton sai da na kau da kai. Ya bi wayoyin launi da launi yana haɗawa, ya liƙa 'yar eriya a gaban gilashi, ya ja waya har baya ya sa kyamara. Da ya kunna sai ga Gaya a kan allo, ga ɗigo shuɗi daidai gidanmu. Wata mata ta fara magana da Turanci, Inna ta tambaya wace ce wannan da za ta shigo motar mutane ba sallama.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne abin da ya biyo baya. Da'u ya haɗa wayata da rediyon don gwaji, sai ga kiran Gwaggo Hajo daga Ajingi. Muryarta ta fito ta kowace ƙofa, raɗau, kamar tana cikin motar. Inna ta miƙe daga tabarma, ta zo ta buɗe gaba ta zauna a mazauninta na da. Suka yi ta hira, tana dariya har da tafa hannu, rabon da in ga haka tun Baba na da rai.

Da suka gama sai ta riƙe hannuna, ta ce ta daɗe ba ta jin magana sosai a waya. In kin kira, sautinki kawai take ji, ba ta gane kalmomin, kuma kunya take ji ta yi ta cewa ki maimaita. Shi ya sa take cewa to, to, Allah ya yi albarka, ta miƙo min. Na san kin sha yi min ƙorafi cewa tana katse ki, har kina zaton fushi take don ba ki zo Sallah ba. Yaya, babu fushi ko kaɗan. Mu ne muna tare da ita ba mu lura ba. In mun koma Kano zan sa a duba kunnen ma.

Saboda haka ki kira ranar Juma'a bayan la'asar. Ta sa na yi alkawarin wanke motar in gyara mata tsayuwa a inuwa, don a ciki za ta amsa kiran. Ta ce in gaya miki ki sa kati da yawa, ki kuma tara mata jikokinta kusa, don tana so ta ji muryar kowa da sunansa.

Ki gaishe da maigidanki Malam Muhammad Auwal, da yara Muhsina da Hidaya. Abba da matata Umaima da Gwaggo Hajo duk suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Badruddeen