Ni Na Gusar da Dutsen, Direba Aka Fasa wa Ido

Assalamu alaikum Edita, da kai da masu karanta wannan fili. Ina roƙonku don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini, kuma a ɓoye sunana. Rubutuna ba kyau, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma magana ban iya kwana-kwana da ita ba.

Ni bazawara ce, ina sayar da tuwo da ɗan wake a ƙofar gidana, bakin titi, a wani gari tsakanin Hunkuyi da Makarfi. Direbobin rake su ne cinikina. Su faka gingimari a inuwar darbejiyata, su ci, su yi salla, su wuce Zariya. Da haka na riƙe marayu biyar, a wannan zamani da sabulu ma sai an yi masa layi. Sai kantoman soja ya kawo doka: ba mota da za ta ƙara tsayawa a bakin titi cikin gari, kowa ya tafi sabuwar tasha can bayan gari. Aka kawo manyan duwatsu biyu, aka shafe su da farar ƙasa, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a kusurwar katangata. Tsakaninsu an hana tsayawa. Gidana ne na ƙarshe a cikin haramcin! Taku kaɗan ne tsakanina da abincina. Tuwo ya riƙa kwana yana tsami, ina zubar wa awaki. Na je wurin mai unguwa, ya ce, "Ke dai yi haƙuri, yanzu ni ma tsallen kwaɗo nake tsoro."

Ranar tsaftar gari, kowa ya duƙufa yana shara, ƙura ta tashi, na sa ƙarfina na mirgina dutsen nan har ya wuce ƙofata ta ɗaya ɓangaren. Gidana ya fita daga doka. Wallahi har daɗi na ji. Na ce dutse ne fa, wa ya auna?

Washegari da kasuwa ta ci, sai ga wani direba, bari in ce masa Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne da ya daɗe a garinmu. Shekara da shekaru yana cin tuwona, ko ba kuɗi. Ya leƙo daga mota yana dariya, ya ce, "Mama, sun sassauta ne? Ko dutsen ne ya yi ƙafa?" Na ce, "Kai dai sauko, ɗan nema, miyar kuka na hucewa. Ba ka ga ka wuce shi ba?" Ya ce, "To, in Mama ta ce." Ni na faɗa masa. Da bakin nan nawa.

Bai kai loma uku ba motar soja ta tsaya. Wani kofur ya sauko, ya tsaya daidai inda dutsen yake a da. Ashe ya bar gurbi, ƙasa mai danshi da zoben farar ƙasa kewaye, ni sakarya ban share ba. Ya ce, "Wane ɗan iska ne ya taɓa dutsen gwamnati?" Ya dubi motar, ya dubi Bulus. Suka finciko shi daga benci, kwanon ya kife. Suka zaro rake daga kayansa suka yi ta jibgarsa har raken ya farfashe, sannan suka koma dorina. Suka sa shi tsallen kwaɗo a kan kwalta mai zafi, in ya faɗi su tattaka. Yana cewa, "Oga, na rantse haka na same shi," kofur ya juya bindiga ya ɗora masa gindinta a ido. Na ji ƙarar. Jini ya fantsamo har kan murfin tukunyata. Suka huda tayoyin motarsa, suka jefa shi a bayan motarsu kamar buhun masara. Ni da duk unguwa ke tsoron bakina, ni da na taɓa marin ɗan kamasho a tasha, me na yi? Na ɓoye hannuwana cikin zane, don farar ƙasa ba ta gama fita daga farcena ba. Bulus kuwa ya kalle ni da idon da ya rage, bai ce Mama ce ta ce ba.

Yanzu yana tsare a Zariya. An ce idon ya tsiyaye, kuma za a kai shi gaban kotun soja kan laifin sauya alamar hukuma. Kofur ya faɗa a bainar jama'a cewa duk wanda aka kama da hannu a ciki, sai ya zagaya kasuwa da dutsen a ka, ana tsula masa bulala. Matar Bulus kullum tana wurina da goyo, ni ke ba ta abinci, tana mini godiya. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Mama, ƙofarki ce, ba ki ga wanda ya ture shi ba? Ko sunansa kawai ki raɗa mini, na san ke ba kya tsoron kowa." Na ce ban gani ba. Ta ce, "Allah zai tona shi." Na ce amin.

Bulala ba ta dame ni ba, na sha ta a gidan aure. Amma in suka rufe ni, wa zai riƙe marayuna? In kuma na yi shiru, mutumin da ya rufa mini asiri ana dukansa zai ruɓe a kurkuku da ido ɗaya. Gobe matar za ta kai masa abinci, ta roƙe ni in raka ta, wai ganina zai sanyaya masa rai. Jama'a, ku gaya mini tsakani da Allah: in na tsaya gabansa, me zan yi?