Kada a Sake Cire wa Mage Rigarta

Maigida,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Shayinka na cikin filas.

Magen tana ɗakin girki cikin kwali. Da na tashi na tarar tana lasar cikinta, ta tsinke zaren ɗinkin daga gefe, wurin har da ɗan jini. Na wanke mata da ruwan gishiri, na mayar mata da rigar.

Kana tsaye likitan dabbobin da ya cire mata mahaifa ya ce a rufe cikin sai ya warke. Amma jiya yayarka ta zo ta tuɓe mata rigar, tana dariya, wai, "Amarya, kin rasa wanda za ki yi wa ado sai mage?" Kai ma ka taya ta. Ina bakin ƙofa da tire a hannu, na ji ku.

Abu ɗaya nake roƙo. Da hantsi ka kai magen wurin likitan ya duba ɗinkin. Ka ɗauke ta da kwalin, kada ka riƙe ta ta ciki. Rigar kuma a bar mata, ko wa ya zo.

In Yaya ta tambayi inda na samo rigar jarirai, ka ce daga ƙasan akwatina. Kai ka sayo ta a shekararmu ta farko da aure. Na ga rigar ta gaji da jiran mai sa ta, shi ya sa na huda mata wurin wutsiya.