Sarkin da Na Goge da Tsamiya

Largo, Maryland
Maris, 2012

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da yara da maigidanki. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, sai dai kwanan nan ko zama na yi sai in miƙe.

Tsohon da nake jinya a nan idonsa ya tafi. Yana da tsofaffin kwabban Rumawa cike da akwati, duk tsatsa ta ci su sun yi kore. Ni nake duba masa su da gilashi mai ƙara girma, yana tambaya: "Na'ima, akwai gemu? Hancin dogo ne?" Da haka yake gane sarkin da ke jiki.

Akwai ɗaya da ya gagare mu. Ranar Talata na jiƙa shi da tsamiya na dirje, yadda Inna take wa tasoshinta. Ya yi ƙyalli kuwa, amma fuskar ta bi tsatsar ta tafi. Ashe tsatsar ce ke riƙe da ita. Tsohon ya shafa da yatsa ya ce, "Wannan ba wanda zai ƙara sanin sunansa." Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. 'Yarsa za ta zo ranar Asabar, ban san ko aikin zai ɗore ba. Kada Inna ta ji.

Don Allah ki kai ta wurin mai hoto, ki aiko min. Jiya na rufe ido in ga fuskarta, ɗankwalinta kawai na gani.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Na'ima