Shekarun Shikulu Kapambwe

Litinin, 3 ga Yuni, 2019

Ba Mayo, mahaifiyata, ta kira daga Kasama tun ban gama shan shayi ba. An tsayar da rana: Asabar 3 ga Agusta za a buɗe dutsen kabarin mahaifinta, kakana Shikulu Kapambwe. Shekara ashirin da ɗaya yana kwance ƙarƙashin gicciyen ƙarfe mai tsatsa, sai yanzu muka farga. Tana so a rubuta "Sojan Burma", da lambarsa ta soja, da shekarar haihuwa. Taurarinsa biyu, lambobin yabo na yaƙi, suna cikin gwangwanin alawa a ɗakinta, amma lambar ba wanda ya sani.

"Ke ce mai takardu, Lombe. Nemo mana."

Mai sassaƙa dutsen yana son rubutun kafin 12 ga Yuli. Shekara ashirin da biyu ina tantance takardun shaidar ɗalibai. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Alhamis, 6 ga Yuni

Gidan adana tsofaffin takardu, nan Lusaka. Sanyi, ƙura, fom uku. Matar da ke kan tebur ta ce akwatunan sojoji ba a jere suke ba, in dawo mako na sama. Ba aikin yini ɗaya ba ne ashe.

Talata, 18 ga Yuni

Akwati na tara. Ga shi nan.

Kapambwe Nkweto, ƙauyenmu, sunan dagacinmu na lokacin. Lamba 14362. Ya shiga a 1940, shekarunsa a ƙiyasin akawu ashirin da huɗu. Tsawo ƙafa biyar da inci huɗu. Tabo a ƙwaurin hagu. Dangwalen babban yatsa a madadin sa hannu.

A ƙasan shafin, da jan tawada: ya mutu da zazzaɓi a Burma, 19 ga Oktoba, 1944. An binne shi can.

Shikulu a gabana ya cika, a 1998. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ni na riƙa shafa masa mai a ƙafafu a jinyarsa, ba wani tabo.

Na kwafe shafin. Na sake karantawa a cikin bas, bai canza ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Ban kira gida ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na gaya wa ƙanena Katongo bayan coci. Dariya ya yi har da buga cinya.

"Kai, Madam Hatimi! Yaran mutane sun ƙare, kin koma kama kakanki da takardar bogi?"

Na ce ba abin dariya ba ne. Ya ce ga lamba na samu, in miƙa, in ja bakina in yi shiru, dutse ba ya zuwa kotu. Shi komai mai sauƙi ne, tun yana yaro haka yake, shi ya sa har yau lasinsa na tuƙi ban yarda da shi ba.

Ban taɓa sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba. Ba alfahari ba ne, aikina ke nan.

Abin da ke dawo mini: duk Nuwamba, ranar tunawa da sojoji, Shikulu ya goge kwat ɗinsa da dutsen guga na gawayi, ya maƙala taurarin, ya shiga sahun tsofaffin sojoji. A aji shida na rubuta labarinsa na ci kyautar littafi. Da na tambaye shi yaya Burma take, cewa ya yi, "Ruwan sama, jikata. Ruwan sama da matsattsaku." Iyakarta ke nan. Na ɗauka ciwon tunawa ne ya hana shi magana.

Haushi nake ji. Ban san na wa ba.

Juma'a, 5 ga Yuli

Kasama. Bas ɗin ya karya mini baya. Kafin in isa gida na bi ta mishan, na roƙi a buɗe mini littafin baftisma. Shekarar 1927: jariri Sampa, an sa masa Petro, sunan uwarsa daidai da na kakar Ba Mayo. Shi ne, ba shakka. A 1940 shekararsa goma sha uku. Babu Kapambwe ko ɗaya a jikin sunansa.

Shi ke nan, takardu sun cika. Da a ofis ne da tuni na buga hatimi na rufe fayil.

Asabar, 6 ga Yuli

Na sami Ba Mayo a tsakar gida tana dakan gyaɗar miya. Na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa takardun biyu a kan tabarma, na yi bayani dalla-dalla yadda nake yi wa iyayen ɗalibai. Na shirya wa kuka. Har ruwa na ajiye kusa.

Ko taɓaryar ba ta ajiye ba.

"Wata guda kina yawo a Lusaka don wannan? Da kin tambaye ni ai."

Ga yadda ta ba ni, gwargwadon abin da na riƙe. Wanda ya tafi yaƙi kawun Shikulu ne, ƙanen uwarsa. A 1946 wani abokin tafiyarsa ya dawo da ɗamararsa ta soja, ba gawa, ba ko ƙashi. Dangi suka taru, suka zaunar da Sampa a kan tabarma, yana da shekara goma sha tara, suka ɗaura masa ɗamarar, suka miƙa masa bakan mamacin, suka shigar da shi sunan. Daga ranar ba a sake kiransa Sampa ba. Uwar da ta haife shi ta koma ce masa "ɗan'uwana", tana durƙusawa in za ta ba shi abinci. Tsohuwar da ta rasa ɗanta ta kama fuskarsa ta ce, "Ka dawo." Da taurarin suka iso daga ofishin Di'o, wa za a ba in ba shi ba?

Ai na san ana shigar da mutum sunan mamaci, wa bai sani ba? Na je irin taron nan ya fi sau biyar, na ci nshima, tuwon masararmu, na tashi. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin yana bin mutum har shekara hamsin ba.

Na ce, "Amma Ba Mayo, sahun tsofaffin sojoji fa?"

"Su suka matsa masa wuri. Waɗanda suka haƙa ramin kawun a Burma da hannunsu ba su ce ƙarya ba ne, sai ke da ba ki taɓa jin ƙarar bindiga ba?"

"Mutum biyu ne, Ba Mayo."

"A takardarki."

Ta ci gaba da daka. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, da ɗamarar aka binne Shikulu, ita da kanta ta sa masa. "Wancan da ya mutu a Burma ba shi da ko tafin hannu na ƙasa a garin nan. In ba a wannan dutsen ba, a ina za ki rubuta shi?"

Na naɗe takardun. Na tsince mata ganye.

Lahadi, 7 ga Yuli

Kabarin. Ciyawa ta rufe shi, na cire da hannu. Ban yi addu'a ba, lissafi na tsaya yi: a shekara ashirin da takwas wancan ya mutu, bai kai Katongo ba ma. Shikulu kuma ya ɗauke shi shekara hamsin da biyu, bai taɓa cewa ya harbi kowa ba. Ruwan sama da matsattsaku. Abin da aka gaya masa ke nan, bai ƙara ko kalma ba.

Talata, 9 ga Yuli

Hanya uku na rubuta a bayan ambulan. 1927 zuwa 1998, ba maganar soja. 1916 zuwa 1944, wanda ba shi ne a kwance ba. Ko suna biyu, layi biyu, abin da Ba Mayo ta ce sai dai bayan ranta.

Alhamis, 11 ga Yuli

Wurin mai sassaƙa. Ya miƙo fom da biro, hannunsa fari fat da garin dutse. Na rubuta: Kapambwe Nkweto, Sojan Burma, 14362. A layin shekaru na sa 1916 zuwa 1998.

Ya ƙirga da yatsu. "Tamanin da biyu. Tabɗi, tsohon ya sha miya!"

Na ce ya sha.

A ƙasan fom ɗin akwai wurin da aka ce na tabbatar bayanan nan daidai ne. Na sa hannu, cikakken sa hannuna na ofis. Don a huta ne kawai, lokaci ya ƙure, kuma dutsen ba nawa ba ne.

Da na dawo Ba Mayo ta ce, "An gama?" Na ce an gama, na ba su sunan Shikulu da shekarunsa. Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Ban gyara ba.