Faifai Ɗaya, Ƙofa Biyu

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fatan duk kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, alhamdulillahi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A ofishinmu, takardun mutane suna fitowa wuri biyu a kwamfuta. Manaja ya ce in goge ɗaya, ai kwafi ne. Da na goge, duka biyun suka ɓace. Mai gyaran kwamfuta ya dafe kai, ya ce, "Wayyo Goggo! Faifai ɗaya ne aka yi wa ƙofa biyu. Ta kowace kika shiga, ɗaki ɗaya kika share."

Yanzu manaja yana so in shaida wa shugabanni cewa mai gyara bai taɓa gargaɗinsa ba. Alhali ya gargaɗe shi, a gabana. Har manajan ya tuna min cewa shi ke sa hannu a takardar zamana a ƙasar nan.

Auta, bakina ba zai iya ba. Mai gyaran nan, bawan Allah, yana da iyali.

Kada ka gaya wa Inna, amma ku sa ni a addu'a. Ɗakina kuma da ka ce za ka zuba kaya a ciki, ka ɗan dakata tukuna.

Yayarka.