Igiyar Baba da Tayoyin Jif

Litinin, 3 ga Nuwamba

Baba yana son manyan tayoyi. Tun da ya sayi tsohuwar jif ɗin nan a hannun matar wani alƙali da ya rasu, ba shi da wata magana sai wannan. Kujerunta na fata ne, duk sun tsattsage, amma ya ce injin lafiya lau. Hanyar gonarmu ce matsala. In an loda buhunan citta, cikin motar yana gugar duwatsu.

Yau na dawo daga makaranta na same shi a ƙarƙashinta da igiyar rama. Ya sa an ɗora mata buhuna, ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ya auna ramin taya, ya yi ƙulli biyu. Ɗaya na tsayi, ɗaya na faɗi. Haka yake auna komai, har ƙofar ɗakinmu. Baba bai yi boko ba. Lambobin jikin taya ya ce kamar tsutsotsi suke masa.

Ya ce, "Hulda, gobe in kin tashi makaranta ki kai wa Dickson mai taya. Kada taya ta wuce ƙulli." Shi yana haƙar citta, ba zai samu shiga Kafanchan ba.

Oga Dickson baban Serah ne, 'yar ajinmu. Ban faɗa wa Baba ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ban ba shi ba.

Serah tana shagon tare da 'yan ajinmu biyu, suna cin gyaɗa. Iyayen waɗancan malamai ne. Hannuna yana cikin jaka, a kan igiyar. Na kasa fito da ita.

Oga Dickson ya kira ni da sunan Baba, ya ce, "'Yar Zamani, wace lamba babanki ya ce?" Na ce manya. Ya ce manya iri-iri ne. Na nuna waɗanda suka fi kyau, da rim ɗinsu, ƙarfen tsakiya, mai ƙyalli. Ya ƙirga ramukan noti, ya ce za su hau. Sai ya tambaya, "An ɗaga motar?" Ban san me ake ɗagawa a mota ba. Serah tana kallona. Na ce e.

Igiyar tana ƙarƙashin katifata.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An kawo su, mai faci ya ɗaura tun Baba yana gona. Da ya dawo ya zagaya motar yana shafa su. Ya ce sun fi yadda ya zata girma. "Kin ba shi igiyar?" Na ce na ba shi, tana shago. Ya ce, "To shi ke nan. Igiya ba ta ƙarya."

Na kasa cin tuwo.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ranar godiya ta kaka a coci. Da ma ciwo ya kama ni na zauna a gida.

Baba ya loda buhunan baiko, wato sadakar da za a kai coci, ya kwashi Mama da matan zumunta huɗu da gangunansu. Daga gida zuwa coci hanya miƙe take, ba abin da ya faru. Matan suna ta waƙa. Sai a ƙofar coci, inda ake shan kwana sosai. Ya murɗa sitiyari, muka ji ƙara kamar ana yaga kwano. Tayar gaba ta kama jikin motar, ta ɓalle robar da ke samanta, ta tsaya cak. Ba gaba ba baya, a tsakiyar ƙofa. Motar Rabaran tana bayanmu.

Aka sauke matan, aka sauke buhuna, kowa da kayan cocinsa yana turi. Kawu Boaz, ƙanen Mama, wanda yake koyarwa a Kagoro, ya ce da ƙarfi, "Suruki, da igiya ka auna ko? Wannan motar manya ce, ba ɗakin kaji ba." Aka yi dariya. Baba ma ya yi, irin dariyar da ba ta kai ido.

Ina tsaye riƙe da gangar wani.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ban ji ko kalma ɗaya a aji ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Muna yanka citta a tsakar gida na ji Baba yana gaya wa Mama da yarenmu, a hankali. Ya ce shekara talatin igiya ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wataƙila idonsa ne ya fara tafiya, ko kansa. Ya ce gara ya bar wa Boaz motar ya riƙa ja, tunda shi ne mai karatu. Mama ta ce, "Baban Hulda, kai da kullum kake wanke ta da kanka?"

Da yamma ya kira Kawu a waya ya zo ya karɓi makulli ranar Asabar.

Bai ko sake tambayata ba. Wannan ya fi damuna. Bai taɓa tunanin ni ce ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na faɗa.

Yana wasa wuƙa a bayan rumbu. Na ajiye igiyar a gabansa. Na shirya magana da yawa tun daga makaranta, amma abin da ya fito kawai, "Ban ba shi ba." Ya duba ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya je ya gwada a jikin tayar. Ta wuce ƙulli da yatsa uku. Ya daɗe a tsugune.

Ya ce, "Mantawa kika yi?" Da na ce e, da ya yarda. Na ce a'a, akwai 'yan ajinmu a wurin.

Na so ya dake ni. Ya naɗe igiyar a hannu kawai, ya ce, "Ashe idona ƙalau." Can kuma ya ce, "Gobe tare za mu je. Ke za ki riƙe bakin igiyar ɗaya."

Mama ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Oga Dickson ya yi faɗa. Ya ce yarinya ta ce masa an ɗaga mota. Baba ya ce, "Ba a ɗaga ba. Mun zo gyara ne, ba shari'a ba." Tayar da ta gogu ya ƙi karɓa, ta zama tamu. Buhunan da Baba ya ware don kwanon rufin ɗakin girki su za su tafi a kanta. Ni na jawo.

Muka bi tayoyi muna aunawa, ni riƙe da bakin igiyar ɗaya, Baba da ɗayan. Ta shida ce ta tsaya daidai ƙulli. Ta fi ta asali girma kaɗan, ba ta da kyan gani. Baba ya sa aka ɗaura, ya sa mutum biyar suka shiga motar, ya murɗa hagu da dama har ƙarshe. Shiru.

Serah tana bakin shago duk lokacin. Kunnuwana kamar an zuba musu barkono.

Kawu ya zo karɓar makulli, Baba ya ba shi citta a leda ya sallame shi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ana lissafi Serah ta matso ta ce, "Mutumin nan mai igiya babanki ne?" Ta sani sarai. Na baya suka fara ƙyalƙyala.

Na ce babana ne. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har monita ta rubuta sunana cikin masu surutu. Tun firamare ba a taɓa rubuta ni ba.

Hukuncina, na share aji bayan an tashi. Ajin ba shi da girma sosai, ashe.